Mutumin da Ya Ƙone Birnin Ƙonni, a Idon Kyamara

A watan Fabrairun 1987, alƙalan bikin finafinan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu suka miƙa babbar kyautarsu, Ingarman Yennenga, ga wani fim mai suna Sarraounia. Labarin na ƙasar Nijar ne tun daga farkonsa har ƙarshe, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Daraktan, Med Hondo, ɗan Mauritaniya ne. Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin sarauniyar, 'yar Burkina ce. Wanda kuwa nauyin rabin fim ɗin na biyu ya hau wuyansa wani matashin Bafaranshe ne mai suna Jean-Roger Milo, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba. Shi ya fito a matsayin Kyaftin Paul Voulet. A wajen mai kallo a Paris, Voulet suna ne da ƙura ta rufe a ma'ajiyar takardun gwamnati. A wajen mutanen Birnin Ƙonni da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Malbaza da Illela, shi ne Baturen da ya zo da igwa a shekarar 1899 ya bar garin toka.

Asalin tafiyarsa rabon ƙasa ne tsakanin Faransa da Ingila. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a Paris ranar 14 ga Yunin 1898, an zana layi mai lanƙwasa a nisan mil 100 daga Sakkwato: abin da ke cikinsa na Ingila, abin da ke wajensa na Faransa. Ba wanda ya tuntuɓi Sarkin Musulmi Abdurrahman, balle Sarkin Ƙonni. Birnin Ƙonni, da ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, sai ta faɗa rabon Ingila a takarda. Burin Faransa shi ne ta haɗe abin da ta mallaka a Aljeriya da Kwango da yammacin Afirka a bakin Tafkin Chadi, don haka ta tashi rundunoni uku: Foureau da Lamy ta cikin Sahara, Gentil daga kudu, sai Voulet da Julien Chanoine daga kogin Kwara. Waɗannan biyun su ne suka ci Wagadugu a 1896, an kuma san su da rashin imani tun a can, amma sanin bai hana a ba su aikin ba. Chanoine ɗan gata ne, mahaifinsa janar ne da ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1898.

Turawan rundunar ba su kai goma ba. Sauran duk 'yan Afirka ne: sojoji, 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, tafintoci, da matan da ake kwasowa a hanya, har ayarin ya doshi mutum 2,000. Kuɗin da Paris ta bayar bai isa ciyar da wannan taro ba, kowa kuma ya san inda abincin zai fito. A farkon Janairun 1899, a Sansanin Hausa da ke bakin kogi, aka kashe mutum 101, har da mata da yara. Daga nan abin ya zama hanyar tafiya. Garin da ya yi nawar kawo hatsi a ƙone shi, ɗan jagoran da ya ɓatar da hanya a rataye shi, ɗan dakon da ya gaza a gama da shi a bar shi nan. Arewa da layin iyaka babu rijiyoyin da za su shayar da irin wannan ayari, saboda haka Voulet ya karkato kudu, ya ratsa cikin ƙasar da aka ce ta Ingila ce.

Ranar 16 ga Afrilu suka yi karo da maharban Sarauniya Mangu a Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi. Rundunar ta yi asarar mutum huɗu, shida suka ji rauni, ta kuma ƙona dubban harsasai kafin ta shiga garin, ta tarar mutanen sun janye cikin kurmi. A farkon watan Mayu suka iso Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa da ke biyayya ga Sakkwato. Nan aka yi kisan da ya fi kowanne girma a duk tafiyar. Aka buɗe wa garin wuta, aka bi masu gudu, aka kwashe mata aka raba wa sojoji, aka yi kwanaki ana tura gawa cikin manyan ramuka. Ƙididdigar marubuta ta sha bamban, daga ɗaruruwa masu yawa zuwa dubbai.

Tun kafin wannan rana labari ya riga ya kai Faransa. Wani Laftanar Péteau, da suka ɓata da Voulet aka sallame shi a ƙarshen Janairu, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani, wasiƙar kuwa ta yi ta tafiya hannu zuwa hannu har teburin ministan mulkin mallaka. Aka umarci Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawu ya karɓi ragamar rundunar. Bai sha wahalar gane hanya ba, ƙonannun garuruwa ne suka yi masa jagora, ya ratsa kangon Ƙonni, a Koran Kalgo ya tarar da 'yan mata a rataye a bishiya. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim ma Voulet a Ɗankori kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan ya cire galolinsa, ya shaida wa sauran hafsoshin cewa shi ya bar zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daularsa. Daular ba ta wuce kwana uku ba. Sojojinsa suka yi tawaye, suka kashe Chanoine ranar 16 ga wata, suka kashe shi kansa washegari a Maijirgi, yana da shekara 32. Da aka rufe bincike a 1902, bayanin da ya zauna a Faransa shi ne zafin yankin ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. Wato laifin rana ne.

Shekara 80 labarin yana bakin tsofaffi kafin Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafi. Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ne, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya dawo bayan juyin mulkin 1974, ya kuma ɗanɗana kurkuku a zamanin Seyni Kountché. Littafinsa Sarraounia ya fito a Paris a 1980. Takardun sojan Faransa layuka kaɗan suka ba sarauniyar Lugu; Mamani ne ya yi mata ƙuruciya, da uban goyo mai suna Dawa, da maroƙi, da masoyi, ya tsayar da ita gaba da gaba da Voulet. Masu bincike irin su Elara Bertho sun nuna yadda kaso mai yawa na abin da 'yan makaranta suka sani yau game da ita daga alƙalaminsa ya fito. Wannan ba aibi ba ne ga marubucin ƙagaggen labari. Sai dai ya kamata mai karatu ya riƙe shi a zuciya.

Med Hondo ya riga ya yi suna da Soleil Ô, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin Locarno a 1970. Abincinsa na yau da kullum kuwa daga aron murya yake fitowa: shi ne muryar Eddie Murphy a finafinan da ake juyawa zuwa Faransanci, da irin wannan kuɗi yake tallafa wa nasa ayyukan. Shekara bakwai ya yi yana haɗa kuɗin Sarraounia, kimanin dala miliyan 3. An shirya a ɗauka a Nijar, ana dab da farawa gwamnatin Kountché ta janye hannunta. Shugaban Burkina Thomas Sankara ne ya buɗe masa ƙofa, ƙasarsa ta ba da fili da sojoji da dawaki da jama'ar cika fage. Abin da hakan ya jawo shi ne labarin Hausawan Arewa ya fito da bakin wasu: harsunan da aka fi ji a fim ɗin Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Bahaushen da ya zauna kallo sai ya bi fassarar da ke ƙasan allo kafin ya san abin da sarauniyarsa ke faɗi.

Fim ɗin na sa'a biyu ne, kuma kusan finafinai biyu ne aka ɗinke. Na farko tatsuniyar jarumta ce: yarinya ta tashi a hannun mayaƙi, ta koyi harbi da magani, ta hau gadon sarauta, ta kori mayaƙan da suka zo daga ɓangaren Sakkwato. Aï Keïta, da wannan ne fim ɗinta na farko, ta riƙe matsayin da natsuwa da ƙarancin magana. Daga lokacin da rundunar Turawa ta shigo, sai fim ɗin ya sauya jiki. Sarauniyar ta ja baya, ana daɗewa ba a gan ta ba, kyamara ta tare a sansanin Voulet. Daga nan abin da ake kallo ya tashi daga yaƙi ya koma irin finafinan nan da abin tsoronsu yake cikin ƙoƙon kan mutum guda, mai kallo yana zaune yana jiran lokacin da igiyar za ta tsinke.

A finafinanmu na Kano, bos bos ne tun fitowarsa ta farko; da ganin tabaronsa an san shi, kuma yadda ya shigo haka zai fita. Voulet ɗin Milo tafiya yake yi, mataki bayan mataki. Milo mutum ne mai kaurin jiki da kaushin murya, da su kuma ya yi aikin. A farko za ka ga mutumin da mulki ke yi wa daɗi, mai ba da umarnin kisa da muryar da zai nemi a kawo masa ruwa. Babu alamar taɓin hankali a tare da shi a nan, kuma wannan ne wurin da ya fi tayar da tsigar jiki. Sannan sunan sarauniyar ya fara shigowa sansani ta bakin tafinta da sojoji: an ce harsashi ba ya cin ta, an ce tana rikiɗa. Voulet yana da igwa da bindigogi, amma ba a harbin jita-jita. Duk ƙarfinsa ya dogara ne a kan sojojinsa su fi jin tsoronsa a kan kowa, ga shi kuma wata mace da bai taɓa gani ba ta fara raba tsoron nan da shi. Milo ya gane cewa abin da ke cin mutumin kishi ne kafin ya zama tsoro. Duk sa'ad da aka ambace ta sai muryar ta ƙara hawa, haƙurin ya ƙara gajarta, har ya zamana cin Lugu ya fi masa isa Chadi muhimmanci.

Hikimar labarin ita ce an ba shi abin da yake nema. Ya ci Lugu, ya shiga, bai sami kowa ba. Ba gawar da zai nuna wa sojojinsa, ba sarauniyar da za ta durƙusa. Mutanen biyu da fim ɗin ya ginu a kansu ba su zauna sun yi musayar magana ba, kuma rashin haɗuwar ya fi kowace arangama aiki. Bayan wannan nasara maras daɗi ne Milo ya saki linzami: tsawa ta yawaita, zargi ya shiga tsakaninsa da na kusa da shi, ga labarin cewa Paris ɗin da ta aiko shi ta aiko wani ya kama shi. Féodor Atkine, wanda ya fito a Chanoine, ya taimaka masa ƙwarai ta hanyar yin akasinsa, siriri, mai sanyin murya, muguntarsa a lissafe. Idan aka ajiye su gefe da gefe sai a ga wanda ke ihun ma ya fi sauƙin ganewa. Lokacin da aka zo jawabin Ɗankori, inda Voulet ke yafe ƙasarsa yana naɗa kansa sarki, mai kallo ba ya jin abin ya faɗo daga sama. Ya ga tubalin da aka yi ta jerawa.

Akwai masu ganin wasan ya yi yawa, cewa Turawan fim ɗin sun zama kamar zanen barkwanci. Ba a rasa gaskiya a maganarsu ba. Hondo daga dandamalin wasan kwaikwayo ya fito, tun a shekarun 1960 yake da ƙungiyar wasa a Paris, bai kuma taɓa sha'awar wasan da ake yi da raɗa ba. Yana so a ga mulkin mallaka tsirara, da ƙarar muryarsa. Ni a ganina inda matsalar take daban ne. Duk ɗan wasan da ya iya nuna haukan Voulet da kyau, yana iya taya gwamnatin Faransa ta 1902 aikinta ba da niyya ba. Mai kallo zai tashi yana cewa, Allah sarki, mahaukaci ne aka ba bindiga. Mai kallo na gida kuma zai tashi da nasa bayanin mai daɗin ji, cewa asirin sarauniya ne ya kama shi. Bayanan biyu sun haɗu a wuri ɗaya: mutum guda ne ya zauce.

Jerin ranakun bai yarda da haka ba. An yi kisan Sansanin Hausa wata uku kafin Lugu, lokacin da ba wanda ke maganar zautuwar kowa. Birnin Ƙonni kuwa bayan Lugu ta zo, da kimanin mako uku. Rundunar da aka ce sarauniya ta karya wa zuciya ita ce ta yi tattaki cikin tsari ta rusa gari mai ganuwa, da hafsoshinta da likitanta da masu rubuta rahotonta. Bayan mutuwar shugabannin biyu ma ba ta watse ba. Laftanar Pallier ya ja ta ta ci Damagaram a ƙarshen Yulin nan, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga bayan 'yan makonni. Joalland, wanda igwar rundunar ke hannunsa tun farkon tafiya, ya haɗu da Meynier, mataimakin Klobb da aka harba a Ɗankori, suka ƙarasa Chadi, aka yi yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900 inda Rabe ya mutu. Su biyun duk sun kai muƙamin janar. Ƙasar da aka bi ta kanta da wuta ba a mayar wa kowa ba. A 1904 Ingila ta yarda a gyara iyaka domin Faransa ta sami hanya mai ruwa daga kogi zuwa Damagaram, Ƙonni ta koma hannun waɗanda suka ƙone ta. Babbar hanyar kwalta da motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza ke bi a yau, kusan sawun rundunar nan take bi.

Adalcin da za a yi wa Hondo da Milo shi ne ba su ɓoye wannan ba. A fim ɗin ana fara ƙona garuruwa tun Voulet yana cikin hayyacinsa, sauran hafsoshi suna tsaye suna kallo ko suna taya shi. Wanda ya lura da kashin farko na wasan Milo, kashin natsuwa, ya sami amsar. Sai dai fim yana da nasa nauyin: abin da aka gani a ƙarshe shi ke zama a ƙwaƙwalwa, kuma labarin da aka sa wa sunan Sarauniya dole ne ya karkata ga Lugu, inda aka tsaya aka yi turjiya. Garin da ya fi kowa zubar da jini ba shi da jarumar da za a yi wa fim.

An saki Sarraounia a Paris a ƙarshen 1986 a gidajen silima kaɗan, ba a jima ba aka janye shi, abin da ya sa wasu manyan masu shirya finafinai suka yi ƙorafi a fili. Kyautar Wagadugu ta zo bayan wata uku. Kafin shekarar ta ƙare an kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba, Kountché kuma ya rasu a asibitin Paris ranar 10 ga Nuwamba. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993. A wannan shekarar ce Milo ya fito a matsayin Chaval, mugun ma'aikacin haƙar kwal a fim ɗin Germinal na Claude Berri, wanda ya sa aka saka sunansa cikin masu neman kyautar César. Faransawa da wannan suka san shi, da kuma maƙerin ƙauye da ya fito a fim ɗin Astérix na 1999. Voulet ɗinsa, wanda a ganina ya fi su wuyar yi, kaɗan ne daga cikinsu suka gani. Hondo ya rasu a Paris a watan Maris na 2019, Milo ya bi shi a 2023.

Wasu sun sake komawa kan labarin. A tsakiyar shekarun 2000 Serge Moati ya yi wa talabijin ɗin Faransa Capitaines des ténèbres, wanda tun daga sunansa yake nuni ga Heart of Darkness na Joseph Conrad. Dangantakar tana da ban mamaki: an buga labarin Conrad kashi-kashi a wata mujallar Birtaniya daga Fabrairu zuwa Afrilun 1899, daidai watannin da Voulet ke tsakanin kogi da Lugu. Amma kwatanta shi da Kurtz na Conrad yana sake mai da hankali kan ruhin Bature, mutanen da aka kashe su zama bango. A 2020 Rob Lemkin ya fitar da African Apocalypse, inda wani matashin mawaƙi ɗan Ingila mai tushe a Najeriya, Femi Nylander, ya bi hanyar daga gari zuwa gari tare da 'yar Nijar mai shirya finafinai, Amina Weira. Shi ma da Conrad ya fara, sai dai a wannan karo an kafa kyamara a Birnin Ƙonni kanta, jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suka yi magana da Hausarsu, suka nuna wuraren da aka binne mutane. An juya fim ɗin zuwa Hausa, tashar Arewa24 ta nuna shi a 2022.

Daga wannan aiki ne wasu al'ummomin da rundunar ta ratsa suka haɗa kai suka kai kuka gaban mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a amsa laifi, a buɗe musu takardun tarihi, a yi maganar diyya. A tsakiyar 2025 Faransa ta ba da amsa a rubuce. Ta ce ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, da haɗin kai kan binciken kayan tarihi. Ba ta amsa laifin ba.